Je Ki Gida Ki Huta

Mamuna ba ta yi mako guda da dawowa daga asibiti ba aka fara ƙorafi a gidan. An yi mata aiki an ciro ɗan ba rai, aka ɗinke ta, likita ya ce ko bokitin ruwa kada ta ɗaga. Gidan mijin nata kuwa babban gida ne a unguwar Ashanti New Town ta Kumasi, gidan 'yan albasa, tukunya ɗaya ake ɗora wa kowa, matan gidan suna karɓar girki bi da bi. Da ranar girkinta ta zagayo ta kasa tashi, sai Hajiya Habsa, babbar yayar mijinta, wadda cikin gida ke hannunta tun rasuwar uwarsu, ta tsaya a tsakar gida tana magana ba ta kama suna ba.

"Kowa ya haihu a gidan nan, kowa ya binne. Ba mu taɓa ganin wadda ta mai da kwanciya sana'a ba."

Issifu, mijin Mamuna, shi ne autan gidan. Aikinsa bin manyan motocin albasar yayansa Alhaji Buraima daga Nijar zuwa Kumasi, kwanansa a hanya ya fi kwanansa a gida. Ba mafaɗaci ba ne, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Sai dai in yayyensa suka kalli gabas, ba ya iya juya wuyansa yamma. Washegari da hantsi ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, bai shigo ba. Hajiya na tsaye a bayansa, Alhaji na zaune kan benci a tsakar gida yana jan carbi.

"Maman Farida, je ki gida ki huta. In kin ji sauƙi sai a san abin yi."

"Farida fa?"

'Yarsu ke nan, ita kaɗai Allah ya bar musu, ba ta daɗe da shiga boko ba.

"Makarantarta na nan kusa. Bar ta wajen Hajiya. Ai ba daɗewa za ki yi ba."

Shi da kansa ya tsayar da pragya, keken hayar nan mai ƙafa uku, ya riƙe hannunta ta hau, ya ɗora mata jakar a cinya. Zannuwa biyu ne a ciki da ledar magani. Gadonta da kwanukanta da keken ɗinkin da take sana'a da shi duk ta bar su a ɗaki, ta ja ƙofa kawai. Wanda zai je ya huta ya dawo, me zai kulle?

Gidan da aka ce ta je ɗin ma ba gida ba ne sosai. Iyayenta sun rasu. Abin da ya rage mata a garin shi ne yayanta Sherif, mai walda a Magazin, unguwar masu gyaran mota, wanda ke haya a Alabar, ɗaki da falo, shi da matarsa Kausara da yara huɗu. Suka karɓe ta hannu biyu. Kausara ta shimfiɗa mata katifa a falo, tana dama mata koko da safe, tana gasa mata jiki da ruwan zafi, ba ta taɓa nuna gajiya ba a farkon nan.

Issifu ya zo sau ɗaya da ledar lemo da burodi, ya ɗosana a bakin kujera kamar mai jiran mota. Daga nan sai waya. Yau yana Bawku, gobe yana bakin iyaka an tsare musu mota. In ta ce, "Yaushe zan dawo?" sai ya ce, "Ba na jin ki sosai, bari in iso." Daga baya wayar ma sai ta yi ta ƙara har ta katse.

Da ɗinkin ya kama, ta fara tafiya ba tare da dafa bango ba, sai ta yafa mayafi ta koma gidan mijinta da ƙafarta. Tun daga zaure wari ya tare ta. Ƙofar ɗakinta da ƙaton kwaɗo. Ta leƙa ta taga, buhunan albasa ne jibge har kan gadonta, an tura keken ɗinkin lungu an ɗora masa sikeli.

Ta je ta durƙusa gaban Alhaji ta gaishe shi.

"Alhaji, na ji sauƙi, na dawo."

"Kin dawo? Wa ya je bikonki?"

"Biko kuma, Alhaji? Ai ba yaji na yi ba. Baban Farida ne ya ce in je in huta, a gabanka ya faɗa."

"Hutu wata nawa ne? Mace ta bar ɗakin mijinta, ta bar 'yarta, ta bar wa wasu girkinta, in ba yaji ba mene ne sunansa? Mu a gidan nan mai yaji ba ta dawo da kanta. Sai mijinta ya je ya yi biko. Shi kuwa yana hanya."

Sai ta ce, "To a ba ni kekena in riƙa ɗinki kafin ya dawo."

Hajiya ce ta amsa daga bakin murhu. "A'uzu billahi! A fitar da kayan ɗaki? Ai fitar da kaya saki ne. So kike a ce mun kashe wa ƙaninmu aure ba ya gari? Ke matarmu ce, kayanki na nan a killace."

Ta zauna a zaure har aka taso daga makaranta. Farida ta rugo ta faɗa jikinta, daidai kan ɗinkin, Mamuna ta cije leɓe ba ta ce wash ba. Ko gama duba kitson yarinyar ba ta yi ba Hajiya ta ƙwala kira, wai lokacin Islamiyya ya yi.

Sherif ya ce wannan magana ta malamai ce. Ya kai ta wajen Malam Talle, dattijon da ya ɗaura auren, mutum mai sanyin murya, wanda gidan Alhaji ba sa suna ba sa addu'a sai da shi.

"Allah gafarta Malam," in ji Mamuna, "ni so nake a gaya mini matsayina. Sun ce yaji na yi."

Malam ya gyara zama. Ba abin da yake so irin a kawo masa kalma ya warware ta.

"Yaji shi ne mace ta yi fushi ta fita da kanta, ba da izinin miji ba. Wadda miji ya ce ta tafi, har ya sa ta a mota, ba mai yaji ba ce. Cinta da shanta da maganinta suna wuyansa duk inda take."

Sherif ya ce, "To ko saki ne, Malam?"

"Saki iri biyu ne. Akwai sarihi, wato ya fito fili ya ce na sake ki. Wannan ko da wasa ya faɗa ya auku. Akwai kuma kinaya, magana mai harshen damo, irin su je ki gidanku. Ita wannan sai an tambayi mai maganar abin da ya nufa. In ya ce saki ya nufa, saki ne, ta yi idda ta kama gabanta. In ya ce hutu ya nufa, igiya na nan daram."

"To Malam, ka tambaye shi mana."

"In ya dawo, in sha Allahu. Amma ku bi a hankali. Alhaji mutum ne mai zafi, kuma gidan mutunci ne. Haƙuri dai, Mamuna. Mahaƙurci mawadaci."

Suka fito sun san ma'anar kowace kalma. Sherif ya ɗauki bayanin da zafinsa ya kai wa Alhaji, ya ce ko ba komai a riƙa aiko mata da abin magani. Alhaji ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce Malam ɓangare ɗaya ya ji, kuma ko ɗan Islamiyya ya san mai yaji ba ta da ci ba ta da sha a wuyan miji. Da Sherif zai tafi ya sa aka cika masa leda da albasa, ya ce a kai wa iyali. Sherif ya shigo da ita gida kamar wanda ya ɗauko abin sata, ya ajiye a bayan ƙofa. Kwana biyu ba wanda ya taɓa ta. A na uku Kausara ta yanka ta yi miya, don babu wata.

Damina ta shigo, aiki ya ja baya a Magazin. Kausara ta haihu, uwarta ta zo daga arewa zaman jego, dole aka ba tsohuwa falo. Kausara ce ta faɗa wa Mamuna, tana magana tana kallon jaririn.

"Maman Farida, don Allah kada ki ɗauke shi da wani abu. Na ɗan lokaci ne."

"Ba komai. Baranda ma wuri ne."

Aka kewaye mata gefen baranda da buhu da tsohon zane. In ruwa ya zo da iska sai ta naɗe katifar ta zauna a kai har ya ɗauke.

Ba ta iya ci gaba da zama tana kallon ana ƙara ruwa a miya saboda ita ba. Ta samu aiki wajen Mma Sala, wata Badagomba mai sayar da waakye, shinkafa da waken nan, a bakin titi. Wanke tukwane ne da ɗebo ruwa. Tukwanen manya ne, sai an sunkuya an shiga cikinsu da kafaɗa. Ba a daɗe ba wurin ɗinkin ya kumburo kamar an cusa ƙwai a ƙarƙashin fata. Ta riƙa ɗaure shi tamau da ɗankwali kafin ta ɗaura zane.

Wata rana Mma Sala ta tsaya tana kallon yadda take miƙewa da ƙyar, ta ce da Hausarta da ba ta raba mace da namiji, "Kai Mamuna, mijinka ya mutu ne, ko ya gudu?"

"Yana nan, Mma."

"Yana nan, kana wanke tukunya da wannan ciki? Yoo." Ta ƙara mata ƙwai ɗaya a kan abincinta, ba ta sake tambaya ba.

Da azumi ya zo, ƙungiyar matan unguwa ta yi rabon shinkafa da sukari ga zawarawa. Mamuna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta bi ƙarshen layi. Mai rabon ta san ta, a da har ɗinki take kai mata.

"Haba Mamuna, ke da aurenki? Wannan na marasa miji ne. Kada ki jawo wa gidan Alhaji magana."

Bayan salla 'yar ƙanwar uwar Mamuna, Ruwaida, mai shagon ɗinki a Techiman, ta aiko a ce ta zo, akwai keke akwai wurin kwana. Ranar Mamuna ta yi dariya har Kausara ta leƙo ta ga ko lafiya. Sherif ya ce ladabi ne a sanar da gidan miji. Ya je ya dawo jiki a sanyaye.

"Alhaji ya ce matar aure ba ta barin gari sai da izinin miji. Ya ce in kika taka tasha kin tabbatar da yajin, kuma kada ki ƙara sa ran ganin Farida."

Da ma ganin Faridan ya fara wuya. In ta je a ce tana Islamiyya, ko an aike ta, ko ta yi barci kada a tashe ta. Amma ana samun ranar da za a dace. Saboda wannan ranar ta aika wa Ruwaida godiya, ta koma kan tukwanenta.

A bakin mai kawo wa Mma Sala albasa ta ji cewa motocin Alhaji sun iso. Ta bar wanke-wanken a jiƙe ta tafi kasuwa inda ake sauke kaya. Ta hango Issifu a gindin mota yana nuna wa 'yan dako inda za su jera buhu. Ya rame, gemunsa ya fara fari. Da ya gan ta sai ya waiga hagu da dama, ya ja ta bayan motar, inda ƙarar inji ke rufe magana.

"Baban Farida, kalle ni."

Bai iya kallon fuskarta ba. Hannayenta ya kalla, sabulu ya cinye su, duk sun tsattsage.

"Ka sake ni ne?"

"Subhanallahi! Wa ya gaya miki? Ni ban sake ki ba, ban taɓa nufin haka ba."

"To in dawo ɗakina."

"Ki ɗan ƙara haƙuri. Alhaji ba shi da wurin ajiya yanzu. In na ɗauko maganar sai ya ce na fifita mace a kan abincin gida duka. Kin san a hannunsa nake ci."

"To sake ni. In san ni bazawara ce, in ɗauki kekena da 'yata in nemi abin yi."

"Ba zan iya ba. Wallahi ina son aurena."

"Ba ka riƙe ni ba, ba ka sake ni ba. A baranda nake kwana, Baban Farida. Ka zo gaban Malam Talle ka faɗi abin da ka faɗa mini yanzu. Shi ke nan abin da nake roƙo."

"Zan zo. In na dawo daga wannan tafiyar, wallahi zan zo."

Ya cusa mata 'yan kuɗi a hannu. Aka ƙwala masa kira daga gaban mota, ya tafi da sauri kamar wanda aka ceto.

Bai dawo daga tafiyar ba. Motar ta ƙwace wa direba a wata gangara a hanyar Kintampo, a can aka yi musu sutura. Ba wanda ya kira Mamuna daga gidan. A masallaci Sherif ya ji sanarwa, ya zo ya same ta a bayan rumfar Mma Sala da hannu cikin kumfa.

Ta yi kuka na gaskiya. Duk abin da ya yi, shi ne mutumin da ya taɓa tafiya har kasuwar Kejetia cikin ruwan sama ya nemo mata gwandar da take kwaɗayi tana da cikin Farida. Ta cire 'yan kunne, ta ɗaura tsohon zane, ta tafi gidan. An kafa rumfa a ƙofa, an jera kujerun roba. A zaure ta ci karo da Hajiya, idanunta sun yi jawur, don ita ma ƙaninta take so.

"Ina za ki?"

"Ciki, Hajiya. Inda zan zauna takaba."

"Takaba ta matar mamaci ce. Ga kujeru can, masu gaisuwa can suke zama."

Ta koma rumfa ta zauna. Mata suna wucewa ta gabanta suna shiga ciki yi wa Hajiya ta'aziyya. Waɗanda suka san ta sai su rage tafiya, su rasa ko za su ce mata ya haƙuri, su ɗaga hannu kawai su wuce. Aka zo rabon masa da ruwan leda, aka miƙa mata nata kamar kowace baƙuwa.

Bayan addu'ar arba'in aka kira Malam Talle rabon gado. Abin da Issifu ya bari shi ne kasonsa na gidan ubansu da hannun da yake da shi a wata mota. Ba a gayyaci Mamuna ba, Sherif ne ya ce ƙafarsa ƙafarta. Suka zauna a bakin tabarma a falon Alhaji.

Alhaji ya buɗe da salati, sannan ya ce, "Magada su ne 'yarsa da mu 'yan'uwansa. Mata kam ba shi da ita, balle a yi maganar tumunin takaba. Ya sake ta tun ranar da ya ce mata je ki gida. A gabana ya faɗa, a gaban Hajiya. Idda ta cika tun tuni."

Sherif ya miƙe tsaye. "Alhaji, ka ji tsoron Allah! Ba kai ka ce mini yaji ta yi ba? Ba kai ka hana ta zuwa Techiman don matar aure ce ba? Ba Hajiya ta hana ta kekenta ba, ta ce fitar da kaya saki ne?"

"Zauna, Sherif, ba a kasuwa muke ba. Rufin asiri muka yi mata, muna fatan a daidaita. Marigayi ya gaya mini da bakinsa cewa saki ya nufa."

Mamuna ta ɗago kai. "Ni ma ya gaya mini da bakinsa, a kasuwa, kafin tafiyarsa ta ƙarshe. Ya ce bai sake ni ba, bai taɓa nufin haka ba."

"Wa ya ji?"

Ba wanda ya ji. Kowa ya juya ya kalli Malam. Malam ya kalli carbinsa.

"To, a littafi, aure tabbas ne, kuma ba a warware tabbas da shakka." Alhaji ya yi gyaran murya. "Amma fa in akwai shaidu, wannan kuma wata magana ce. Mai niyyar ya riga mu gidan gaskiya. Mas'ala ce mai saɓani. Abin da ya fi alheri, a yi sulhu."

Bai ce ba a karɓar shaidar magaji a kan abin da zai ƙara masa rabo ba. Ya sani sarai. Daga baya, a hanya, ya faɗa wa Sherif haka, murya ƙasa-ƙasa, ya ce amma kada a ce shi ya faɗa.

Sulhun shi ne za a ba ta kekenta da kwanukanta, kyauta, saboda zumunci. Sherif ya buɗe baki, Mamuna ta riƙe gefen rigarsa. Ta gaji.

"Na ji. Na bar tumunin. Kun ce sakakkiya ce ni, na karɓa. To a ba ni 'yata. Allah gafarta Malam, in aure ya mutu, ba uwa ke da reno ba?"

"Uwa ce," in ji Malam, "matuƙar ba ta yi wani aure ba."

Hajiya ta fashe da kuka. "Ita kaɗai Issifu ya bar mana! A hannuna take kwana, a hannuna take tashi. So ake a kashe ni?"

Alhaji ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. "Ba inda za ta. Marigayi ya bar wasiyya, Farida amana ce a hannun Hajiya. Ba a wasa da amanar mamaci. Kuma tsakani da Allah, Malam, wadda ke kwana a baranda, ina za ta sa 'ya mace?"

Malam ya ce, "Gaskiya yana cikin sharaɗin reno a samu wurin zama amintacce."

Aka shafa fatiha.

Washegari aboboya, babur ɗin nan mai ɗaukar kaya, ta sauke mata kayanta a ƙofar gidan Sherif. Damshin albasa ya cinye keken, kan ya yi tsatsa ya kafe, mai gyara ya duba ya ce sai dai a sayar wa 'yan gwangwan. Sherif ya yi ta maganar kotu kwana da kwanaki. Dattawan unguwa suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, suna ce masa a nan Zongo, unguwar mutanen arewa, ba a kai suruki gaban gwamnati, ya tuna shi ma yana da 'ya'ya mata da za su yi aure a garin nan. Ga walda ba ta jira, ga bakuna a gida. A hankali ya daina maganar.

Mamuna ta ƙarasa takabarta a baranda, ba kwalli ba kitso, domin ita dai ta ji da kunnenta. Amma dole ta fita wanke tukwane. Masu bin bayan Alhaji suka ce kwaɗayin gado ne ya sa sakakkiya take takaba. Sauran suka ce wace irin mai takaba ce wannan da ke yini a bakin titi.

Da ta fita takaba, gidan Alhaji aka ce kada ta ƙara zuwa, tunda ba abin da ya haɗa su. Sai ta sayi ƙosai mai zafi ta tafi makarantar su Farida lokacin tara, ta tsaya a jikin shingen waya, ta roƙi wata yarinya ta kira mata ita. Farida ta zo a hankali, ba da gudu ba. Ta ƙara tsawo. Ta tsaya ɗan nesa da shingen, hannayenta a baya.

"Ina kwana, Anti."

"Me kika ce, Farida?"

"Mma ta ce in riƙa ce miki Anti."

"Wace Mma?"

"Mma Hajiya. Kuma ta ce kada in karɓi abu a hannun mutanen waje."

Mamuna ta riƙe wayar shingen da hannu ɗaya. Ɗaya hannun na nan miƙe da ƙosan, ta kasa janye shi. Yarinyar ta kalli ƙosan, ta waiga bayanta, sannan ta matso da sauri ta zari guda ta cusa a baki. Ta tauna ta haɗiye, ta goge leɓenta da bayan hannu sosai don kada a ga maiƙo. Aka kaɗa ƙararrawa, ta juya ta ruga.

Magabata ba su ajiye kalmomin nan don a yi wa mai rauni tarko da su ba. Yajin ma ƙofa ce da aka bar wa mace in an matsa mata, tumuni kuwa don kada ta fita gidan mijinta hannu wofi ne. A gidan Alhaji Buraima ba wanda ya taɓa cewa bai yarda da shari'a ba. Kowace rana dai ana ɗauko kalmar da za ta fi araha a liƙa wa Mamuna, in ta tsufa a cire a liƙa wata, wanda ya san ma'anarsu kuma yana zaune a wurin yana kallon carbi. Har gobe Alhaji na sahun gaba, ɗakin na nan cike da albasa, Hajiya kuwa ana yabonta a unguwa, an ce ta riƙe marainiya kamar ita ta haife ta.

In ka bi ta Alabar da sassafe za ka ga wata mace a bayan rumfar Mma Sala, ta shiga cikin tukunya har kafaɗa, in za ta miƙe sai ta dafe ciki. Kada ka tambaye ta matar aure ce, ko sakakkiya, ko wadda miji ya mutu ya bari. Ita ma ta daina tambaya.